Salular da Gwaggo ta sa aka wanke

Ina tankaɗe garin tuwo a tsakar gida na ji wani abu yana kaɗawa a ɗaki, kirrr, kirrr, kamar ƙwaro ya faɗa kwano. Na zaci ɓera ne. Da na leƙa sai na ga salular maigidana ce, ƴar ƙaramar nan mai tocila, tana rawa cikin kwanon da yake ajiye makullai a bakin taga. Mantawa ya yi da ita. Tun da sassafe ya fita zuwa Gabi neman irin albasa, ranar kasuwa ce, yana sauri kada mota ta bar shi. Na goge hannuna da zane na ɗauka. Wani maƙwabcin lambunsu ne, yana haki. Bai tsaya jin wa ya ɗauka ba, ya ce: "Ka zo maza, an ga taubashinka cikin rijiya."

Taubashin nan ɗan gwaggon maigidana ne. Tare suka tashi, tare suke noman lambu a gefen tabkin Madarumfa, rijiya ɗaya, motopom ɗaya, wato injin da suke jan ruwa da shi. Ƴaƴana Baffa suke ce masa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin sun gaisa da juna kamar sauran mutane ba. In ya shigo sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ina bawan nan nawa, ya tashi ko sai na zuba mishi ruwa?" Maigidana ya amsa daga ɗaki, "Wa ya bar ƙofa buɗe har akuya ta shigo?" Su yi ta yi har shayi ya huce. Sukan yi faɗa na gaske ma, ba a rasa ba. Kafin rasuwar da ƴan kwanaki sun yi ɗaya a gaban jama'a wurin mai shayi, don Baffa ya shayar da kabejinsa ya bar albasar maigidana ta bushe. Cikin fushi maigidana ya ce sai ya jefa shi rijiyar nan shi da injin nasa. Washegari a kwano ɗaya suka ci ɗanwake a zaurena. Ni na zuba musu mai.

Ranar da abin ya faru maigidana bai dawo ba sai wajen la'asar. Ya tarar an yi wanka, an sa likkafani. Aka ce ruwa ne ya ja baya saboda rani, Baffa ya saukar da injin can ciki kan wani tudu, ya bi shi ya duba, hayaƙi ya ɗauke shi ya faɗi. An sha jin irin haka a lambuna. Maigidana ya ajiye buhun irin albasa a zauren mutane ya ɗauki makara. Da suka dawo daga maƙabarta ya zauna a bakin gado da takalmansa a ƙafa, hawaye na bin gemunsa.

Matar Baffa ƙawata ce, tun kafin mu zama dangi. Washegarin jana'iza, da mata suka ɗan ragu a ɗakinta, ta jawo ni kusa ta zaro salular mijinta daga ƙarƙashin filo. Babba ce, mai gilashi, an tsince ta a rumfar lambu inda ya ajiye ta. Ta ce, "Zo ki ga abin ƙarshe da ya yi." Bidiyo ne. Fuskarsa ta cika gilashin, gumi a goshi, yana dariya. Ya juya ya nuna bakin rijiya, tiyo ya sauka ciki, ana jin injin yana tari daga ƙasa. Ya ce, "To ga shi, malalacin taubashina ya gudu Gabi ya bar ni da aiki. Ina kallo mota ta tashi da shi, ya kame a baya kamar buhun gawayi. In ya dawo in nuna mishi wannan, ya san wa ke ciyar da shi." Sai injin ya fara shaƙewa. Ya ce, "Kai, wannan tsoho kuma. Bari in sauka." Hoton ya ɗauke.

Muka yi dariya, muka yi kuka, muka sake kallo. Bai tura wa kowa ba, ajiyewa ya yi don ya tsokani ɗan'uwansa da yamma. Ta mayar da salular ƙarƙashin filo. A ranar ba wanda kotu ta zo wa a rai. Mutuwa ce aka yi, irin wadda Allah ke kawowa.

Baffa mutum ne mai son waƙa. Yana ban ruwa salula na aljihunsa tana tashi, ta fim, ta kalangu, duk wadda ya samu. Da yammacin ranar wata ƴar jikar gidan ta samu salular ta danna, sai kiɗa ya ɓarke a tsakiyar zaman makoki, da ƙarfi, mata na riƙe da carbi. Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ni Gwaggo na kalla, mahaifiyarsa. Tana zaune kan tabarma jingine da bango, na ga fuskarta ta canza kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta miƙa hannu aka ba ta salular, ta ɗaure ta a gefen mayafi.

A nan wurinmu abu ne sananne. In mutum ya rasu, masu tsoron Allah a gidansu sukan sa a share waƙoƙi da finafinan da ya bari, don ana cewa duk wanda ya saurara bayansa, zunubin na iya bin mamacin har kabari. Gwaggo ta ji wannan a wa'azi ba sau ɗaya ba. Ba ta aiki kowa ba. Da gari ya waye ta ɗauki sandarta ta taka har bakin tasha, wurin mutumin da ke cajin salula yana zuba wa mutane abin saurare. Shi da kansa ya ba ni labari daga baya, yana girgiza kai. Ta ce masa, "Ɗana, wanke mini ita tas, kada ka bar ko ɗigo. Sannan ka zuba Alƙur'ani, ka cika ta taf. Kada ka bar wurin da shaiɗan zai sa ƙafa." Ya wanke salular, ya wanke ɗan katin ajiya da ke cikinta, ya zuba karatu har katin ya ce ba wuri. Ya ƙi karɓar komai. Ya ce wannan nasa rabon sadakar ne, duk wanda ya kawo kati daga gidan makokin zai zuba masa irin karatun.

Ranar sadakar uku salular Baffa na cikin kwano a gaban Gwaggo, karatu na fita da wata murya mai sanyi. Kowa ya shigo sai ya sa mata albarka. Ana cewa uwa ke nan, ta yi wa ɗanta gata. Ni ma na faɗa, kuma har zuciyata na faɗa. Na aika da katina aka zuba mini. Ƙawata ta ɗan yi kuka a ɗaki don bidiyon, ta ce da an bar mata ko shi kaɗai. Na rarrashe ta, na ce lada ya fi masa amfani yanzu.

Yayyen Baffa maza biyu suna ci-rani a Najeriya, labari bai same su da wuri ba. Sun iso bayan an watse. Mutumin da bai ga gawar ɗan'uwansa ba, zuciyarsa ba ta kwanciya da sauƙi, sai ya yi ta tambaya. Suka zauna wurin mai shayi aka ba su labarin faɗan albasa da maganar jefawa rijiya. Wanda ya yi wankan gawa ya ce ya ga rauni a ƙeya. Wani ya ce ai da sassafe ya hango mutum biyu a lambun. Gaskiya ne, maigidana ya biya ta can kafin ya tafi tasha. Yayyen sun daɗe ba sa gari, sun mance yadda ƙanensu da taubashinsa ke magana. Suka kai ƙara.

Jandarmomi sun zo da safe maigidana yana shan koko. Ba su yi masa tsawa ba, har sallama suka yi. Ya roƙi su bar shi ya sauya riga, suka bar shi. Ƙaramar ɗiyata, wadda lokacin ba ta shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ta bi su har bakin titi riƙe da ludayinsa.

Aka nemi waɗanda suka gan shi a Gabi. An samu, amma dukansu da rana tsaka suka gan shi, wurin masu iri. Direban motar ya ce ranar kasuwa ba ya duba fuskar kowa. Salular da za ta nuna inda yake da safe kuwa tana gida cikin kwanon makullai. Ba wanda ya san ainihin lokacin da Baffa ya faɗa rijiya, kuma an rufe shi a ranar kamar yadda addini ya ce. Na gaya wa jandarmomi maganar bidiyon, ƙawata ma ta aiko da magana daga ɗakin takaba. Mai rubutawa ya rubuta, sannan ya ɗago kai ya ce, "Ina bidiyon yake, Hajiya?" Daga nan aka wuce da maigidana gidan kaso.

Ina da ƙanwa, autar gidanmu, wadda na goya bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ni a aji huɗu na kolej na tsaya, ita ta wuce har Yamai ta karanci ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. A lokacin nan ana ba su wani horo na musamman, na binciken salula da ordinatar don kotu. Duk sa'ad da ta zo hutu mukan tsokane ta. Ta ce ana koya musu ɗaukar salula da safar hannu, a sa ta a wata jaka da ke hana rezo, wato layin sadarwa, shiga, a rufe a buga hatimi. Ta ce ba a taɓa yin aiki kan asalin abu, sai an kwafe shi da wata na'ura mai karantawa kawai, wadda ba ta iya rubuta komai a ciki. Kuma ordinatar na fitar da wata doguwar lamba, wadda in an sauya ko ɗigo ɗaya a cikin kwafin, lambar sai ta sauya, alƙali ya gane an taɓa. Baffa kan ce mata, "Auta, ashe duk karatun nan na leƙen asirin mutane ne? To ki nisanci tawa, akwai kunya a ciki." Ta ce, "Baffa, taka ai ko makaho ya san waƙa ce."

Na kira ta ina tsaye a bayan ɗaki don kada yara su ji. Na faɗa mata komai. Da na gama ta ce, "Yaya, salular tana ina yanzu?"

Na ce, "Tana wurin Gwaggo, tana karatu."

"A kunne take?"

"Kullum. In caji ya ƙare a kai a sa, a dawo da ita."

Na ji ta ja numfashi. Ta ce, "Kin tuna allonmu? In aka wanke shi, in kin karkata shi ga rana kina ganin inuwar tsohon rubutu. Abin da aka share a kati haka yake, yana nan kwance, mukan iya ɗago shi. Amma in aka sake rubutu a kai, baƙi kan baƙi, tun daga sama har ƙasa..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "An cika shi, ko an bar wuri?"

Na ce, "Taf ta ce a cika."

Ta ce, "Innalillahi." Sai kuma ta gyara murya, ta koma ta aiki. Ta ce kada in je in karɓo salular da hannuna, kada in sa kowa ya gwada neman bidiyon a tasha, duk wanda ya taɓa ƙara ɓata abin yake, kuma kotu za ta ce matar wanda ake tuhuma ce ta sa hannu. A gaya wa lauya ya nemi alƙali ya aiko a ɗauka bisa ƙa'ida.

Na ce, "To ke ba za ki zo ki duba ba? Ba aikinki ba ne?"

Ta ce, "Mijin yayata ne. In na taɓa ta, ko gaskiya na samo an zubar da ita. Malamanmu za su duba, sun fi ni hannu. Ni ko ɗakin ba zan shiga ba."

Na ji haushinta a lokacin, har na kashe ba sallama. Da na idar da sallar azahar na sake kira na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Yaya, ni ma kuka nake."

Gwaggo ba ta taɓa yarda da ƙarar ba. Ta ce wa manyan ƴaƴanta, "Ku da kuka tafi kuka bar ni, wannan yaron ne ke kawo mini itace. Na rasa ɗaya, kuna so ku ƙara mini?" Suka ce tsufa ne da tausayi. Amma da na je na gaya mata za a zo a ɗauki salular, sai ta rufe kwanon da tafin hannunta.

Ta ce, "In sun tafi da ita kashewa za su yi?"

Na ce, "Kashewa za su yi, Gwaggo."

"To ladan fa? Shi ke nan ya tsaya?"

Na ce Allah ya ga niyyarta, kuma irin karatun na tashi a gidaje da yawa, har nawa. Ban gaya mata abin da karatun ya hau kai ba. Na ce dai ana so a duba ko Baffa ya bar wata magana da za ta fitar da ɗan ƙanenta.

Jandarma biyu suka zo da hantsi, ɗaya da ambulan mai kauri. Ya sa safar hannu, ya durƙusa gaban tabarmarta ya gaishe ta. Salular na karanta wata sura, an kai tsakiya. Ya miƙa hannu, Gwaggo ta ce, "Ɗana, bari ya kai ƙarshe. Ba a yanke wa Alƙur'ani magana." Ya kalli abokinsa, ya janye hannun. Muka zauna mu duka, su da kakinsu, ni da Gwaggo, da ƙawata daga bayan labule, har surar ta ƙare. Sannan ya ɗauki hotonta yadda take cikin kwano, ya kashe, ya sa a jaka, ya liƙe ambulan ya buga hatimi. Ya rubuta daga hannun wa ya karɓa da wurin da ya karɓa. Gwaggo ta dangwala yatsa. Bayan sun fita ɗakin ya yi shiru, ta yi ta juya kwanon a cinyarta.

Sai jira. Damina ta sauka ta ɗauke, aka yi girbin gero. Lambun ba mai shiga, an rufe bakin rijiyar da ƙirare, zogalen shinge kaɗai ya rage kore. Ranar ziyara nakan dafa masa shinkafa da wake, in sa yaji a ƙullin leda yadda yake so. Ya rame, gemunsa ya yi fari ta gefe ɗaya. Bai cika tambayar shari'ar ba. Yakan tambayi karatun yara, da ƙafar Gwaggo, da ko an samu wanda ya kwashe irin albasar nan kafin ya lalace. Wata rana ya ce mini, "Sake gaya mini abin da ya ce a bidiyon." Na faɗa masa, har da buhun gawayi. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗan banza. Ko a ranar ƙarshe sai da ya zage ni." Sannan ya juya fuskarsa ga bango, na ba shi lokaci.

Ni kuwa kullum bayan sallah addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa mai cajin nan ya bar ɗan wuri a katin, ko kaɗan, ya sa bidiyon ya faɗa a wurin. Ban taɓa roƙon Allah ya sa wani ya yi ha'inci a aikinsa ba sai a wannan karon. Na je na tambaye shi. Ya ce, "Wallahi da na sani da na yi mata rabi. Amma tsohuwa ta zo da sanda tana hawaye, ta ce don ɗanta ne. Har gajerun surori na maimaita don in toshe ragowar."

Sakamakon ya zo lokacin sanyi. Lauya ya kira ni buronsa, wato ofishinsa, ya karanta mini, yana mayar da faransancin zuwa Hausa, ko da yake ina tsintar wasu kalmomin da kaina. Masu binciken sun ce hatimin ya iso ba a taɓa ba. Sun kwafe katin da salular, sun bi su lungu-lungu. Katin cike yake da karatu daga farko har ƙarshe, abin da ke ƙasa ya tafi. A cikin salular kanta sun tsinci wani ɗan hoto, irin ƙaramin da na'ura ke yi wa bidiyo don a gane shi a jeri. Lauya ya nuna mini a takarda. Bai fi farcen babban yatsa ba, an buɗa shi har ya dushe. Bakin rijiya ne, da tiyo, da gefen wani takalmin roba. Na gane takalmin. Babu murya, babu rana, babu lokaci. Masu binciken sun rubuta cewa akwai alamar an taɓa ɗaukar bidiyo a bakin wata rijiya, ba za su iya cewa yaushe ba, ba za su iya cewa me aka faɗa a ciki ba.

Na ce, "Ai ga shi, ya nuna ba ƙarya muka yi ba."

Lauya ya ce, "Ya nuna an yi bidiyo. Mai lambu kuwa yana iya ɗaukar rijiyarsa kowace rana."

Da na kira Auta ta ce ta riga ta ji. Na ce su malaman nata ba za su iya ƙara ko kalma ɗaya ba, su ce a ranar ne? Ta ce, "Abin da suka fara koya mana ke nan, Yaya. Abin da ka gani kaɗai za ka rubuta, ko da kana kuka kana rubutawa." Na ce to Allah ya ba su lada. Ban san ko da zuciya ɗaya na faɗa ba.

Maigidana da ya ji sai ya ce, "Alhamdulillahi ala kulli halin. Abu ɗaya nake roƙo, kada a gaya wa Gwaggo." Amma garinmu ba a ɓoye magana. Wata safiya ina wanke-wanke na ji ƙarar sanda a zaure. Ta shigo ba ta karɓi tabarma ba, ta zauna a dokin ƙofa a ƙasa. Ta daɗe tana kallon hannuwanta. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ke kin yi boko, kin yi na allo. Sadaka tana cutar da mutum?"

Na ce, "A'a, Gwaggo."

Ta ce, "To ni tawa mi ta yi?"

Na tsuguna na riƙe ƙafafunta, sun yi sanyi. Na ce ƙaddara ce, na ce da ni ce uwarsa abin da zan yi ke nan, kuma gaskiya na faɗa. Ta ce, "Na so in sauƙaƙa wa na ƙasa, na danne na sama." Na kawo mata fura ba ta sha ba. Tun daga ranar ta daina zuwa wa'azin mata, sallarta dai tana yi a ɗaki.

Alƙali ya saurare mu duka. Ƙawata ta fita takaba ta je ta faɗi abin da ta gani, kalma da kalma. Ni ma na faɗa. Gwaggo ta sa aka kai ta a amalanke, ta ce ita ta sa aka wanke, in akwai wanda za a tsare ita ce. Alƙalin ya yi mata magana da ladabi, ya sa aka ba ta kujera. Yayyen Baffa suka tsaya kan bakansu, suka ce mata uku ne masu tausayi suka haɗa baki. Ban ƙi su ba har yau, ƙanensu ne ya mutu. A ƙarshe aka ƙi ba da shi ya dawo gida, aka ce maganar ta babbar kotu ce, sai lokacin zamanta ya zo. Har yanzu da nake rubuta wannan yana can. Albasa ta sake fitowa a lambunan mutane.

Karatun nan yana cikin katina. Na yi tunanin cire shi, sai na ji kunyar Allah, don ba shi da laifi. Nakan kunna shi da safe in ina shara. Yara sun ji manya na cewa maganar Baffa tana ƙarƙashin karatu, ban san me suka ɗauka ba, ban kuma tambaye su ba.

Wata safiya ranar ziyara na gama shara, na ɗaure kwanon abinci a ɗankwali, na miƙa hannu zan kashe salular mu tafi. Ƙaramar ɗiyata tana zaune kusa da ita kan turmi da aka kifa, ta tallabe haɓa, takalmanta a ƙafa tun ɗazu. Ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Mama, kar ki kashe. Kullum kina kashewa bai gama ba. Ki bari malamin ya kai ƙarshe, in ya yi shiru sai Baffa ya yi magana, mu kai musu su ji, mu taho da Baba."